Sakan Goma Sha Ɗaya

Ƙarfe ɗaya na dare a Valparaíso,
gidajen kan tudu sun kashe fitilunsu ɗai-ɗai.
Saura ni da kwamfuta, da shayin da ya huce,
da tsohon kaset ɗin da na tsinta
a kwalin takalman Baba.

Sakan goma sha ɗaya ne kacal a ciki.
Na juye su a na'urar da ba ta ko'ina
sai a gilashin da ke gabana:
akwatuna jere kamar shagunan bakin tasha,
kowanne da ramukansa da abin murɗawa,
da wayoyin da ba sa ƙura, ba sa tsinkewa,
linzamin kwamfuta ke jan su, ba hannu ba.

Ƙararrawa sau biyu.
Sarƙar keken hawan tudu tana jan nauyinta.
Tsuntsun teku yana tsegumi daga nesa.
Sai muryar namiji:
"Ku riƙe da kyau, za mu hau."

Shekara talatin da ɗaya Baba ya yi a keken nan,
ya kai mutane sama, ya sauko da su,
bai bar mana hoto mai kyau ko ɗaya ba.

Na ja jar waya daga agogo zuwa akwatin sauti,
duk bugu ɗaya sai ya sake cewa a riƙe.
Na murɗa hagu, muryar ta nutse, ta yi kauri,
ta koma kukan jirgin ruwa da asuba.
Na murɗa dama,
sai ga wani yaro ɗan shekara tara da ban taɓa sani ba.
Na kunna shi ta baya:
ƙararrawa ta haɗiye amonta,
kalmomi suka koma baki kamar an fasa faɗa.

Akwai wani huci can a farko,
rabin sakan kafin ƙararrawa,
kamar tururi a gefen murfin tukunya.
Datti ne, na ce.
Na matsar da layin farawa, na datse shi.

Wajen ƙarfe biyu na yi kuskure,
na soka rawayar waya a ramin da ba nata ba.
Sauti ya watse kamar tsabar kuɗi a matakala,
riƙe, hau, riƙe, za mu, za mu,
lasifika ta cika ɗakin kafin in kai hannu.

Mama Herminia ta turo ƙofa da bargo a kafaɗa.
Tun watan Yuni barci ba ya zama a idonta.
Ta tsaya, ta karkata kai.
"Wa ya kawo mana Nibaldo da tsakar dare?"

Na ce, Baba ne.

Ta yi dariya har da tari.
"Nibaldo ne, mai yankan tikiti, mai haƙorin zinariya.
Ubanki ba ya magana a bakin aiki.
Shi ya riƙe rakodar,
aro ya yi, kwana biyu yana tsoron kada ta faɗi."

Mako uku ke nan ina kuka da muryar wani.

Na cire rawayar waya, na cire ja.
Na mayar da layin farawa baya,
a hankali, har ya jingina da bango.
Na rufe sauran, na ƙara ƙarfi.

Huci.
Kusa da makirufo, kusa ƙwarai.

Mama ta zauna a bakin gado.
"Haka yake yi in ya hawo matakalar nan da cefane."

Na nuna mata inda ake dannawa.
Yatsanta bai saba da linzami ba, ya zame sau biyu.
Ta danna, ya numfasa.
Ta jira kaɗan kamar mai ba shi hutu,
ta sake dannawa.