Inda Mziya Take Tsayawa

Hanyar Abano ba ta ɗaukar mota biyu.
In kuka haɗu a kwana, sai ɗaya ya ja da baya,
kuma mai gangarowa daga Omalo da cuku a bodi,
shi ake zuba wa ido.

Shekara ashirin da shida ina jan tsohuwar motata
a haƙarƙarin wannan dutse.
Fitilar ribas ɗinta ƙwaya ɗaya ce tal,
haskenta ko zare ba zai sa maka a allura ba.
Ban taɓa damuwa ba. Ina da Mziya.

Takan ɗaure kallabi, ta dira da tocila,
duhun bayan bodi ya haɗiye ta,
sai murya kawai:
"Taho. Taho. Karya hagu.
Besariyon, hagu na ce! Tsaya."
Ni kuwa ina bi, kamar tumakinmu
a bayan bunsurun da ke ja musu gaba.

Bana gwiwoyinta suka ce sun gaji.
Likita a Telabi ya hana ta hawa da sauka.
Ran Asabar 'yarmu Nestan ta iso Albani
da kwali a hammata, abin huda ƙarfe a jaka.
Fitilu biyu, kowace kamar tafin hannuna.

Ta shimfiɗa buhu, ta shige ƙarƙashin mota.
"Baba, sifana mai lamba sha uku."
Ta huda bamba, ta ɗaure su, ta ɗan sunkuyar da kansu
don kada su kashe wa na baya ido.
Ta ja waya tana ɗaurewa taki-taki,
nesa da salansa, kar zafi ya cinye ta,
ta sa fiyus kusa da batir,
ta ɗana makunni dab da gwiwata.
Na sa ribas. Shiru, ko ƙyas.
Ta kankare tsatsa da wuƙar yankan burodi,
ta sake matse baƙar waya a jikin ƙarfe,
sai ga katangar gidanmu fari fat
har kaji suka yi zaton gari ya waye.

Mziya na kan benci tana ɓare wake.
Ta ce, "To, mu gani ko fitila ta iya tsawa."

Zuwan ƙarshe kafin ƙanƙara ta rufe hanya,
dare ya same ni a kwanar da ruwa ke zubowa daga sama,
inda aka kafa dutse da hoton wani direba.
Mai siminti ya ɓullo, ya tsaya, yana jira.
Na taka kuloci, na sa ribas, na duba madubi.

Na ga tsakuwa a jiƙe. Na ga sawun tayata.
Na ga bakin hanya, a gutsure kamar an ciza.
Daga nan haske ya faɗa,
ya yi ta tafiya bai sami ƙasa ba.

Na ja birkin hannu. Mai siminti na ta danna hon.
Na sauka, na dafa bodi, na je wurin.
Tsakanin tayar baya da babu,
na auna da takalmina:
ɗaya da rabi.
Nan take tsayawa. Da ruwa, da iska, har da cikin Nestan.

Na iso gida tana juya tukunya.
"Fitilun sun yi?"
Na ce sun yi.
"Ka gani ke nan."
Na ce na gani.
Ta ɗanɗana gishiri, ba ta juyo ba.
"Ni ban taɓa gani ba," in ji ta.
"Tayarka nake haskawa.
Wanke hannu, miya za ta huce."