Kashe Ɗaya

Ran da Baba ya zame a makewayi
babu kowa kusa.
Tocila ta mirgina bakin kwatami
tana haska bango, kamar mai neman shaida.
Ƙarar bokiti muka fara ji kafin muryarsa.

Kwana tara a asibiti,
muka dawo da shi Birni, ƙugu a ɗaure.
Ni da Cima muka haɗa jika goma sha biyu,
na kira Mutari, mai gyaran kuran na Karkada.

Mutari ya tsaya bakin ƙofa, ya dubi rufi,
ya ce kar a rataya ta a sama.
Wutar sama inuwa take zubarwa ƙarƙashin mutum,
ƙafa ba ta ganin inda za ta sauka.
A bango za mu sa, guda biyu,
dama da hagu, daidai kafaɗa,
masu hular gilashi, saboda tururi da fantsamar ruwa.
Makunni kuwa a waje, in ji shi,
jiƙaƙƙen hannu da kuran ba sa gaisawa sau biyu.

Ya sassaƙe bango, ya binne waya cikin tiyo,
ƙura ta sauka kan tulun da ga-ruwa ya cika da safe,
Cima ta yini tana lissafin asarar dala ashirin.
Ya haɗa da batirin panno,
tunda a Damagaram kuran baƙo ne,
ya zo ba sallama, ya tafi ba bankwana.

Daga kan tabarma Baba ya ce:
shekara saba'in da huɗu ina wanka da farin wata,
yau kun kai wa kyankyasai fitila.

Daren farko ni na shiga da shi.
Na kunna, na zaunar da shi kan ƴar kujera.

Ashe ban taɓa ganin bayan mahaifina ba.
Ga sawun ƙaho, shida a jere.
Ga layin da igiyar guga ta bari a kafaɗa.
Ga hannuwa, shekara hamsin a majema,
bagaruwa ta shige su ta ƙi fita,
farata sun rine kamar jar fatar akuya.
Cinya kuma ta saki
tamkar salkar da aka juye ruwanta.
Wanda ya jeme fata dubu,
tasa ce ta gagare shi.

Ya ga ina gani.
Ya jawo zane kan gwiwa, ya sunkuyar da kai.
Soso ya tsaya a hannuna, kumfa na ɗiga.
Can wajen duwatsu wani kare ya yi haushi, ya fasa.
Sai ya ce, ba da faɗa ba:
Laminu, kashe ɗaya.
Ɗaya ta ishi ƙafa.
Sauran ka bar mini.

Makunni ɗaya ne ga duka biyun.
Na kifa ƙwaryar wanka kan ta dama,
rabin ɗakin ya koma dare,
na cuɗa bayansa a cikin rabin.

Washegari Mutari ya raba makunnin.
Na miƙa kuɗi, ya tura hannuna,
ya ce shi ma yana da tsoho a gida.

Yanzu ta hagu ce ke aiki.
Ta dama sai Juma'a,
in zai rage gemu gaban tsagin madubi,
ya daɗe yana duban wanda ke ciki,
ya ce, wannan ai Baffa Barma ne, yaushe ya dawo?

Ƙugu ya warke, ya hana ni shiga.
Da asuba nakan ji ƙyas,
zaren haske ya fito ta ƙarƙashin ƙyauren kwano.
Ina kwance, ido biyu,
ina ƙirga zubar ruwa,
ƙwarya bakwai, takwas,
har in ji sandarsa ta taɓa ƙasar tsakar gida.