Takardar Burodi

A Valparaíso, can saman tudu,
inda gidaje ke hawa bayan juna kamar awaki,
mahaifina Abelardo ya yi shekara talatin da ɗaya
yana jan taragon da ke kai mutane sama, ya dawo da su ƙasa.
Hotunansa na kamara suna nan cikin akwati,
duk ya ƙame a cikinsu kamar an kira shi kotu.

Wannan kuwa
wata fasinja ce ta zana, ranar da igiyar ƙarfe ta cije
suka maƙale tsakanin teku da tudu.
Ba ta da takarda sai ta naɗin burodi,
sai guntun fensirin da ta zaro daga gashinta.

Dubi goshin: layi uku, na ukun ya karye a tsakiya,
nan yake ajiye lissafin kuɗin haya.
Ido ɗaya ta danna har takarda ta kusa hujewa,
ɗayan ta bar shi toka-toka
kamar hazon teku da ya kwana a kan jirage.
Kunnen hagu ba ta gama ba.
Da ma da shi ne ba ya jin faɗan uwarmu.

Ƙarƙashin haɓa ga sawun babban yatsanta,
ta murza baƙin fensir ya koma inuwa.
Maiƙon burodi ya ratso ta baya
ya ba kumatunsa sheƙin da ba ta nufa ba.

Bakin fa, sau biyu aka yi shi.
Na farko a tsuke. Ta goge, gurbinsa ya ƙi tafiya.
Na biyu ya ɗan ɗaga ta gefe guda.
Me ta faɗa masa tsakanin layin nan biyu?
Ya tafi bai gaya mana ba.

Ta sa harafi ɗaya a gindin takardar,
ruwan sama ya cinye rabinsa.

Ƙanwata Griselda ta ce a sa shi a gilashi.
Na ƙi.
Da dare nakan karkata shi wajen fitila,
layukan su yi walƙiya kamar bayan kifi,
sai in ji kukan igiyar ƙarfe,
da ɗan tarin nan nasa,
da yadda yake cewa ba tare da ya waiga ba:
ku riƙe da kyau, za mu sauka.