Akuyar Inna Tsahara

Mutari ne ya sa mini ita a salula,
ya ce, "Kawu, rubuta abin da kake son gani, za ta zana."
Ya haye kabu-kabu ya bar ni
a bakin shagona, Unguwar Zariya,
da forfen dala ɗari
da yatsa mai kanta irin na tela.

Na rubuta: akuya.

Sai ga wata fara fat, gashi har ƙasa,
tsaye bisa dutsen ƙanƙara,
tana harara ta kamar na ci bashinta.
Na yi dariya har yaron shago ya tsai da keke.

Laifina ne.
In mutum ya shigo ya ce, "Ɗinka mini riga,"
ya jefa yadi ya fice,
ba awon wuya, ba tsawon hannu,
me zan miƙa masa daren sallah?

Sai na fara awo.
Jar akuya, gajeren gashi mai sheƙi,
irin tamu ta Maraɗi,
ƙaho ɗan kaɗan, ya karkata baya.
Ta yi ja, amma a lambun wasu mutane,
ciyawa an yi mata aski kamar kan ango.
Na ce: tsakar gida, rairayi, katangar laka,
rumbu mai hular ciyawa a hannun hagu.
Rumbu ya zo.
Akuya ta zo da ƙafa biyar.

Na rubuta: ban da ƙafa biyar.
Ta ba ni shida.
Ashe halin yaron da aka hana zuwa gulbi gare ta,
abin da ka ambata, shi take riƙewa.
Na ce: tsaye bisa ƙafafunta huɗu.
Ta tsaya.

Kuran ya ɗauke. Na jira.
Kuran ya dawo, forfe ya ƙare.

Kashegari, ina yankan wando,
na tuna ban faɗa mata lokaci ba.
La'asar sakaliya, na ce,
rana ta sauka bayan bedi,
inuwa doguwa har bakin rijiya.
Ba zanen yara ba,
hoto irin na da, wanda launinsa ya koɗe a bango.
A ɗauko shi daga ƙasa,
daidai idon yaro ɗan shekara shida.

Nan gabana ya faɗi.
Gidanmu na Jiratawa ne,
wanda ruwa ya ci tun ban iya zare allura ba.

Saura ita.
Inna Tsahara ba ta taɓa tsayawa gaban mai hoto ba.
Na rubuta: tsohuwa, baƙin zane na rini,
ƙwarya a cinya, tana tsinkar zogale.
Aka ba ni tsohuwa kyakkyawa,
kakar wani.
Na ƙara tsagar kumatu, na ƙara giɓi,
na ce siririya, na ce idonta ɗaya ya ɗan lumshe.
Sau bakwai.
Tsofaffi bakwai suka yi mini murmushi,
ba wadda ta san sunana.

Da wace kalma ake awon tarinta na asuba?
Ko ƙanshin daddawa a bakin zanenta,
ko yadda take ce wa akuyar "Hajiya"
in ta kama ta da baki cikin dusa?

Na goge ta daga rubutun.
Na sa turmi, taɓarya a jingine,
tabarma da ƙwaryar zogale rabi a tsinke,
takalman roba biyu a ƙofar ɗaki,
labule ya ɗan motsa.

Shi na kai Babbar Kasuwa aka wanke mini,
na rataye bisa keken ɗinki.
Masu kawo yadi sukan ɗaga kai su ce,
"Ɗan Jumma, ina mai gidan nan?"
Nakan ce, "Ta shiga ɗaki.
Miƙo hannu in auna."