Malfar Orval

A Perryville, daren Alhamis,
ruwan Oktoba na ɗiga a kan rufin gareji,
Orval Tackett ya ɗora buta a wuta,
ya ce, "Ɗanlami, tsaya nan, kar ka bari ta yi shiru."

Malfar ta zo a kwali daga Ohayo,
baƙa wuluk, baki a miƙe sambal,
ba ta san rana ba,
ba ta taɓa shan gumin kowa ba.
Shi kuwa tsohuwa yake so.
Shekara ɗari da sittin yake son ɗura mata
kafin shayinmu ya huce.

Buta ta yi tsaki, ta fara huci.
Ya kara gefen malfar a bakin tururi,
yana juya ta kamar mai gashin masara.
Warin jiƙaƙƙen rago ya cika kicin,
tabaraunsa suka rufe ruf,
ya zama makaho mai gani da yatsu.
Ulu ya yi laushi, ya saki jiki.
Icce tun yana ɗanye, in ji mutanenmu,
amma nan busasshe ne ake roƙo da zafi
har ya yarda.

Ya lotsa tsakiya da gefen hannu,
ya saukar da gaba, ya ɗage hagu,
ya duba hoton kakan kakansa, Elam,
yaro mai kunnuwa fatan-fatan,
wanda ya tafi da malfa, aka dawo da malfar kawai.

Na ce, "Wane ɓangare kake bana?"
Ya ce, "Wanda ba su cika ba.
Bara shuɗi na sa, bana toka-toka.
Malfa ba ta tambaya."
Ban yi dariya ba.
Na san abin da aka yi yaƙin a kai,
shi ma ya san na sani.
Buta ce ta yi magana a madadinmu.

Sai hannunsa ya fara rawar nan tasa,
malfar ta kusa faɗawa wuta.
Ya zauna, ya ɓoye hannun a hammata.
"Dole ta bushe a kan wani," ya ce,
"ni kuma wuyana ba ya tsayawa.
Kanmu ɗaya, na auna da ido."

Na sa ta da zafinta.
Ta kama goshina kamar hannun Inna
ranar da zazzaɓi ya kayar da ni a Funtuwa.
Minti arba'in ban motsa ba,
ruwa na bin bayan kunnena,
yana ba ni labarin matarsa da farashin taya.

Ran Asabar, ƙarfe biyu da kwata,
igwa ta yi tari a kan tudu,
Orval ya faɗi inda yake faɗuwa kowace shekara,
a hankali, saboda gwiwa.
Malfar ta gangara cikin ciyawa,
ta tsaya a kife, ita kaɗai.

Jama'a suka tafa.
Ni ina bayan igiya da kofin kofi,
ina kallon siffar kaina
kwance a filin yaƙin da ba nawa ba,
har aka busa ƙaho,
matattu suka tashi suna kakkaɓe wando,
nawa ya ɗaga hannu a kama shi.