Lamba Arba'in da Bakwai

Mu biyar ne, kuma babu mai kuɗi a cikinmu.
Ni ce mai riƙon littafi,
don hannuna ya saba da lissafin zare
tun kafin masaƙar Kakuri ta yi shiru.
Lantana na tuyar awara a bakin Kasuwar Barci,
Habila ya iya allurar dabbobi,
Sallau na da keke, Zinatu na da waya
da bakin da ba ya gajiya da roƙo.
Asusunmu gwangwanin madara ne,
ran Asabar ya yi ƙara, ran Talata ya yi gum.

An ce da mu: mutane na kwana da yunwa,
ku kuna dama wa mage koko?
Na ce gaskiya ne.
Na rasa abin ƙarawa, na ci gaba da damu.

Wata Laraba, ruwan la'asar na ɗaukewa,
aka kira mu daga Panteka.
Bakanike ya ɗaga bakin wata tsohuwar Fijo,
ya tarar da kuka a gurbin inji.
'Yar mitsitsiya, ta sha baƙin mai,
ido ɗaya a liƙe da kwantsa,
haƙarƙari kamar haƙoran mataji.
Sallau ya miƙa hannu, ta zana masa layi uku.
Ya ce, "To, wannan dai ba kyanwar Lami ba ce."

Sai a wanka na uku muka gane fara ce,
da ɗigon ja a kunnen hagu.
Na rubuta: arba'in da bakwai, mace, Panteka.
Suna kuwa ba ma sawa.
Abin da ka raɗa wa suna, miƙa shi wuya.
A kan lamba shida na koyi haka,
kada ku tambaye ni.

Mako biyar tana kwana a kwalin taliya
ƙarƙashin keken ɗinkina,
daga madarar sirinji ta kai ga kan kifi.

Sai ga Malam Barau daga Rigasa,
tsohon ma'aikacin reluwe, hula a hannu.
"Ɓeraye ne suka dame ni," ya ce,
yana kallon ƙasa kamar mai neman rance.
Na nuna masa muzurun da muka samo a mayanka,
ƙato, mai kunne a yage.
Bai ko dube shi ba.
Ita ce ta tako ta zauna a kan takalminsa.
"Malam, ai wannan ba ta kai ɓera girma ba."
"Za ta girma."

Dokarmu, bayan kwana goma sai mun je gani.
Ɗaki ɗaya da rumfa, an share tas.
Ba buhu, ba tiya,
ba ƙwayar geron da ɓera zai yi wa sallama.
Kofi biyu a kan tire, ɗaya a kife.
Mayafin mace a jikin ƙusa,
rana ta ci launin gefen da ke kallon taga.

Tun daga zaure na jiyo shi:
"Kin ji kuɗin gawayi yau?"
Ya dakata, kamar mai jiran amsa,
sannan ya yi dariya.

Da zan fito ya cusa ɗari biyu a gwangwani,
ya ce ɓerayen sun yi sauƙi ƙwarai.
Na ce madalla.

A littafina akwai gurbi ɗan siriri
inda nake rubuta dalilin mai karɓa.
Na daɗe riƙe da biro a cikin keke,
muna ta faɗawa ramukan hanya,
sannan na rubuta: ɓera.

Kafin mu kai Bakin Ruwa waya ta yi ƙara.
Zinatu ce: Unguwar Mu'azu, cikin kwalbati,
guda huɗu, ba uwa,
ga hadari ya haɗo ta gabas.
Sallau ya dubi mansa, ya dubi sama,
ya juya kan keke.