Dokar da Ban Rubuta Ba

Daren Alhamis a Tartu,
a ɗakin ƙasa na shagon gyaran keken Urmas,
inda bututun ɗumama ɗaki ke tari kamar tsohon da ya ƙi likita,
nan muke shimfiɗa duniyata
a kan teburin da ƙafarsa ɗaya ta dogara da tsohon ƙamus.

Shekara uku ina gina ta.
Koguna bakwai na zana da shuɗin biro,
na raɗa musu suna, na yi musu gadoji,
na ɗora haraji kan gishiri don sarakuna su sami abin faɗa.
Wata biyu na rataya a samanta,
ɗaya fari, ɗaya launin hanta,
kuma wanda kyarkeci ya ciza
sai jan watan ya cika fatarsa ke juyawa.
Tsafi a can ba sadaka ba ne:
ka kira wuta, ka biya da sunan wani da ka sani,
ka ta da iska, haƙori ɗaya ya fara girgiɗi.
Shafi ɗari biyu da sha ɗaya.
Har farashin azurfa na rubuta.

Piret mai kantin magani ita ce bokanyarmu,
ta sayar da sunan kakarta don ta ƙona jirgi, tana ta dariya.
Joosep ɗalibi ne, maharbi mai ɓarnar kibiya.
Urmas kuwa, hannu baƙi ƙirin da giris,
tun ranar farko ya ce, ni ku ba ni mai rikiɗa.

Wata goma sha huɗu ke nan bai sha ba.
Ba ma zancen.
Shayi muke dafawa, mu yanka baƙin burodi.
Kwalaben, Piret ce ta kwashe su tun bara, ba ta ce uffan ba.

A daren nan jan wata ya cika.
Na ce, jefa.
Ɗan lido mai fuska ashirin ya gangara,
ya bugi kofi, ya tsaya a kan biyu.
Na sassauta murya yadda na saba:
ƙashin bayanka na ƙara, farce ya tsaga takalmi,
ƙauyen masunta na barci,
akwai ƙofa ɗaya da aka manta ba a sa wa sakata ba.
Sai asuba. Ga ka tsirara a bakin kogi,
bakinka da ɗanɗanon ƙarfe.

Bai ɗauki ɗan lidon ba.
Ya ce, Kadri,
a duniyar nan taki, in gari ya waye,
yana tunawa?

Na buɗe fayil.
Babin wata, babin cizo, babin azurfa.
Na san nisan da yake ci a dare guda,
na san nauyinsa, na san abin da ke kashe shi.
Wannan kam ban rubuta ba.

Can waje ƙanƙara na rufe Emajõgi.
Bas ta ƙarshe ta wuce, ƙaramar taga ta yi rawa.
Joosep ya ƙura wa takalminsa ido.

In na ce yana tunawa, na ɗora masa dutse.
In na ce ba ya tunawa, na ba shi hanyar gudu,
kuma shi ya fi ni sanin dajin nan.
Sai na tura masa biro.

Ya daɗe a kai.
Rubutunsa kamar sawun kaza a taɓo:
Ba ya tuna komai.
Dole ya bi gida gida yana tambaya, me na yi?
Kuma dole ya tsaya sai an gama ba shi amsa.

Babban yatsansa ya bar tambarin giris a gefen shafin.
Ni da nake sake kwafe shafi don ɗigon shayi,
wannan na bar shi.

Ya miƙe zaune, ya ƙwanƙwasa tebur sau uku.
Piret ta ajiye kofinta.
Ta ce, wane ne da sassafen nan?